Zinare, azurfa ko mai ruwan gwal: wanne ya cancanci kuɗinki?

Zobe biyu a cikin gilashi, an haske su da fitila, kowanne sai ɗaukar ido yake yi. Da ido kaɗai ba za ki raba su ba. Amma ki saka su wata uku kina wanke-wanke, kina shafa mai, kina zura hannu a jaka, sannan ki juya cikinsu ki duba. Ɗaya yana nan yadda yake, illa 'yan ƙarce-ƙarce. Ɗayan kuwa, ta ɓangaren tafin hannu, ya yi jajir kamar wayar lantarki da aka fere, ya kuma zana miki kore a yatsa. Wanda ya lalacen da ɗan kunne aka yi da shi, da zai shekara biyu bai nuna komai ba. A nan zaɓin yake: kafin ki tambayi wane ƙarfe ya fi, ki fara sanin inda abin zai zauna a jikinki, da yawan gogayyar da zai sha, da abin da fatarki ke iya ɗauka. Launi yana biyo baya.

Zinare da lambobinsa

Tsantsar zinare, wato karat 24, ya yi laushi da yawa. Siririn zobe na irinsa da yatsa ma ana iya lanƙwasa shi. Shi ya sa maƙera ke garwaya shi da jan ƙarfe da azurfa, wani lokaci da tutiya. Karat lissafi ne na kashi 24, lambar da ake bugawa a jiki kuma lissafi ne na kashi dubu. 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14, 375 kuma karat 9. Idan sarƙa ta kai giram 10 kuma 750 ce, ainihin zinaren da ke cikinta giram 7.5 ne. Da 875 ce, da giram 8.75 ne. Ki riƙe wannan lissafin, domin da shi ake gane ko rahusar da aka yi miki rahusa ce ko kuwa karat ne ya sauka.

Tsakanin 21 ko 22 da 18 ne mata suka fi yin ja-in-ja. Mai karat da yawa ya fi rawaya mai zurfi, ya fi riƙe daraja a kan kowane giram, amma ya fi saurin lotsewa da ƙarcewa. Mai 18 ya ɗan fi haske a launi, ya fi tauri, ya kuma fi riƙe dutse, domin 'yan faratan da ke kama dutsen ba sa saurin buɗewa. Don haka awarwaro marar dutse da za a riƙa sakawa jefi-jefi, ana kuma kallonsa a matsayin ajiya, 21 ko 22 ya fi dacewa da shi. Zobe mai dutse ko siririyar sarƙar da ba a cirewa, 18 ya fi. Karat 14, wanda ya fi yawa a Amurka, ya fi su duka jure wahala, sai dai rawayarsa ta yi sanyi, kuma in aka jera shi da 22 a hannu ɗaya bambancin yana fitowa fili.

Akwai tarko biyu. Na farko kaya masu kogo a ciki. Awarwaro ko sarƙa mai kauri da kika ɗaga kika ji ba nauyi, bututu ne aka naɗe. Zinare ne na gaske, ba wanda ya cuce ki, amma bugu ɗaya a bakin ƙofa ya isa ya lotsa shi, kuma lotsewar mai kogo ba ta cika gyaruwa ba. Na biyu kuɗin aiki. Abin da kike biya kashi biyu ne, kuɗin nauyi da ladan ƙira. Ranar da za ki sayar, nauyin kaɗai za a saya, duwatsun ma cire su za a yi daga lissafi. Mai saye don ajiya ta nemi ƙira marar tarkace. Mai saye don ado ta sani cewa kuɗin kyan ƙira kuɗin jin daɗi ne, ba ya dawowa.

Farin zinare kuwa, yawanci farin da kike gani a samansa shafen wani ƙarfe ne da ake kira rodiyom. A zobe yakan sirance bayan shekara ɗaya zuwa uku, sai rawaya-rawaya ta fara leƙowa, a mayar wa maƙeri ya sake shafawa. Zinare mai ruwan hoda ba shi da wannan matsalar, domin launinsa daga jan ƙarfen da ke cikin gaurayen yake, har can ciki.

Azurfa

Lambarta 925: kashi 92.5 cikin 100 azurfa, sauran 7.5 galibi jan ƙarfe. Ma'aunin tsoho ne ƙwarai, tun shekarar 1300 doka ta wajabta shi a kan maƙeran Ingila. Azurfa ƙarfe ce mai daraja har cikinta, ba shafe ba, don haka duk yadda ta ƙarce ana goge ta ta dawo, ana rage zobenta ko a ƙara, ana ɗinke sarƙarta in ta tsinke. Ga kuma sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba in aka gwada da zinare.

Aibinta ɗaya ne kowa ya sani, tana baƙi. Da yawa sukan ɗauka alamar jabu ce, alhali halin azurfar gaske ne. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska da zufa da wasu mayukan shafawa shi ke haɗuwa da samanta ya yi wannan duhun, kuma iyakarsa sama. Abin mamaki, wadda ake sakawa kullum ta fi wadda aka ajiye tsabta, domin gogayya da tufafi tana share duhun tun bai kama ba. Wadda aka jefa a buɗaɗɗen faranti a ɗaki mai laima, ko aka ɗaure da robar ɗauri, ita ce ke komawa kamar gawayi. Idan kin san kanki ba mai goge-goge ba ce, kuma ba kullum za ki saka ba, ki yi tunani sau biyu.

Mai ruwan gwal, da 'yan uwansa

Nan ne aka fi ruɗa mai saye, domin suna ɗaya ake kiran abubuwa uku da ba su yi kama ba.

Na farko shafe na gama-gari, wanda akan buga wa GP. Tagulla ce ko wani ƙarfe mai arha aka tsoma a ruwan zinare da lantarki. Kaurin shafen yakan kasance wajen rabin maikiron, wani ma bai kai ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin kai ɗaya yakan kai maikiron 70. Ki auna da kanki yawan gogayyar da siririn shafe irin wannan zai iya sha. Da zarar ya huje, zufa ta taɓa jan ƙarfen da ke ƙasa, sai koren nan ya fito a fata. Koren ba cuta ba ne, sabulu yana wanke shi, amma shaida ce cewa shafen ya ƙare.

Na biyu azurfa 925 da aka yi wa ruwan zinare mai kauri. A ƙa'idar Amurka, kafin a kira shi da sunansa na musamman, wato vermeil, sai shafen ya kai maikiron 2.5. Ya fi na farko daɗewa, kuma ko ya koɗe azurfa ce za ta bayyana, ana iya sake masa shafe ko a ci gaba da sakawa a haka.

Na uku wanda akan buga wa GF, ko a rubuta 1/20 kusa da lambar karat. Shi ba tsomawa aka yi ba, fallen zinare ne aka manne a kan tagulla da zafi da matsi, kuma zinaren ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyin abin. A cikin ukun shi ne ya fi kusa da zinare wajen ƙarko, yana yin shekaru in ana kula da shi. Rauninsa shi ne gyara: in aka yanka zoben ko aka yi masa walda, tagullar ciki tana fitowa.

Sai ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu sayarwa ke kira sitenles, mafi kyawunsa mai lamba 316L. Ba ya baƙi, ba ya kore, bai damu da ruwa ba, kuma da wuya ya ƙarce. Wanda aka yi wa launin zinare ta hanyar da ake kira PVD ya fi shafen lantarki na gama-gari riƙe launi. Sai dai ba shi da darajar sayarwa ko kaɗan, haskensa ya fi na azurfa duhu da sanyi, kuma taurinsa ya sa da wuya a rage ko a ƙara zobensa. In yatsa ya kumbura, yanke shi ma aiki ne. Mai juna biyu, ko wadda hannunta ke kumbura da zafi, kada ta sayi matsattse.

Wanne a ina

Zobe ne ya fi kowa shan wahala: ruwa, sabulu, mai, hannun ƙofa, maƙullai. Awarwaro da sarƙar hannu suna biye da shi, suna gugar tebur suna gugar juna. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata kuɗi ya tafi, a sayi ƙarfen da launinsa ɗaya ne ciki da waje, wato zinare, azurfa ko farin sitenles. Zoben GP na kullum asarar kuɗi ne komai arharsa, domin sayensa za a yi ta maimaitawa.

Sarƙar wuya tana tsakiya. Wadda ke kwance a kan fata tana shan zufa da turare, kuma daga bayan wuya take fara koɗewa, wajen maƙalli. Wadda ke kwance a kan riga tana daɗewa. Ɗan kunne da abin maƙalawa a ƙirji su ne 'yan gata, kusan ba abin da ke gugarsu. A nan mai ruwan gwal yake cin kasuwarsa, musamman manyan ƙira na yayi waɗanda kin san baɗi ba za ki waiwaye su ba. Babu hikima a zuba kuɗin zinare a ƙirar da za ta gundure ki kafin ta tsufa.

Amma ɗan kunne yana da sharaɗi ɗaya, wato sandar da ke shiga hujin. Idan kunnenki yana ƙaiƙayi, yana ja, yana tsattsafo da ruwa bayan yini ɗaya, mafi yawan lokaci nikel ne sanadi. Shi ne kan gaba a cikin ƙarafan da fata ke ƙi, har ta kai Tarayyar Turai ta kafa masa doka a 1994, inda ta iyakance abin da kayan da ke daɗewa a kan fata za su riƙa saki zuwa rabin maikirogiram a kan kowane murabba'in santimita a mako. Fatar da ta fara ƙin nikel ba ta cika dainawa ba. Mai irin wannan fatar ta tsaya a kan zinare mai rawaya daga karat 18 zuwa sama, ko azurfa 925, ko titaniyom. Ta yi hattara da farin zinare, domin wani da nikel ake faranta shi. Sitenles 316L ma akwai nikel a cikinsa, sai dai a ɗaure yake, kaɗan yake fita, yawancin mutane suna zama lafiya da shi, wasu kuma ba sa iyawa.

Wadda mayafi ke rufe mata wuya da kunne mafi yawan lokaci, lissafinta ya sauƙaƙa: abin da ake gani hannu ne, can za ta kai kuɗin.

Maganar launi

An yi ta yaɗa cewa a dubi jijiyar hannu, in kore ce zinare, in shuɗiya ce azurfa. A kan baƙar fata ko wankan tarwaɗa mai duhu wannan gwajin ba ya aiki sosai, jijiyar ma ba a cika ganin launinta ba. Ga wanda ya fi shi. Ki tsaya kusa da taga da rana, ba kwalliya a fuska, ba fitila a kunne. Ki kara farin ƙyalle tas a ƙarƙashin haɓa, sannan ki canza da mai ruwan madara. Kada ki kalli ƙyallen, ki kalli ƙasan idonki da gefen bakinki. Wanda ya sa wuraren nan suka yi duhu ko fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ba naki ba ne. Wanda ya sa fuskar ta yi sumul, shi ne. In mai ruwan madara ya ci, zinare da launuka masu ɗumi sun fi karɓarki. In fari tas ya ci, azurfa da launuka masu sanyi. In kin kasa rabawa, kin huta, duka biyun naki ne, kuma mata da yawa a nan suke.

Duhun fata da hasken fata ba su ne ke yanke hukunci ba. Mata biyu baƙaƙe, ɗaya fatarta na da ja-ja a ƙasa, ɗaya na da shuɗi-shuɗi, ba abu ɗaya ke yi musu kyau ba. Abin da duhun ke canzawa shi ne ƙarfin fitowa. A kan fata mai duhu sosai azurfa tana tashi fayau, ana hango ta daga nesa, zinare mai karat da yawa kuma yana yin kamar daga jikin yake fitowa. A kan fata mai haske siririyar azurfa tana iya ɓacewa, sai an ƙara mata kauri.

Da tufafi kuwa, zinare yana tafiya da ja, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan madara da kore mai duhu. Azurfa tana tafiya da ruwan toka, fari tas, shuɗi mai haske, shunayya da ruwan hoda mai sanyi. Baƙi da shuɗi mai duhu ba sa zaɓe. In yadin mai zane ne da launi huɗu ko biyar, kada ki bi launin da ya fi yawa, ki nemi wanda ya fi ƙanƙanta a cikin zanen ki ɗauko shi a dutsen ɗan kunne ko a jaka. In zanen ya cika hayaniya, ƙarfe zalla marar dutse ya isa. In wuyan rigar ya sha aiki da duwatsu, sarƙa ba ta da wurin zama, a bar wa kunne da hannu. Haɗa zinare da azurfa a jiki ɗaya ba laifi ba ne, in dai kowanne ya bayyana a wuri biyu, don kada ya yi kama da mantuwa. Agogo mai launi biyu yana ɗaure su cikin sauƙi.

A gaban mai sayarwa

Ki nemi lambar da idonki, a cikin zobe, a jikin maƙallin sarƙa, ko a sandar ɗan kunne. In ta yi ƙanƙanta, kyamarar waya tana girmama ta. Lamba ba hujja ce cikakkiya ba, domin ana buga ta ƙarya, amma rashinta a kan abin da aka ce zinare ne dalili ne na tsayawa. A auna a gabanki, a rubuta miki karat da giram da kuɗin aiki daban-daban a rasit.

Maganaɗisu yana kama wasu jabun kawai. Zinare da azurfa ba sa binsa, amma tagulla ma ba ta binsa, don haka rashin bin maganaɗisu ba ya wanke kaya. Ɗan jan da za ki ji a wajen maƙalli kuma ba komai ba ne, sifirin ƙarfe ne a ciki. Nauyi ya fi faɗin gaskiya: zinare karat 18 ya kusa ninka tagulla mai girmansa a nauyi. Ga babban saye, a kai wa maƙeri ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga asid.

Ki ja sarƙar a hankali tsakanin yatsu ki ji ko akwai inda take kamawa. Mai ƙwayoyi zagaye da suka shiga juna ita ce mai sauƙin gyara, in ɗaya ta buɗe a rufe ta. Shimfiɗaɗɗiya mai kama da ƙirar maciji tana da kyau a wuya, amma in ta karye sau ɗaya, ko an gyara tabon yana nan, kuma ba a kwana da ita. Maƙalli mai kamar ƙugiya da harshe ya fi ɗan zagayen nan ƙarfi. Tsawo kuwa, santimita 40 tana kama gindin wuya, 45 tana sauka kan ƙashin wuya, 50 zuwa 60 tana kan ƙirji. Wuya ya bambanta, don haka ki zagaya naki da zare ki ƙara santimita 5, wannan ce mafi gajartar da za ki sake da ita. Zobe a gwada shi da yamma, lokacin da yatsu suka ɗan cika, ba da sanyin safiya ba. Babban ɗan kunne ki bar shi a kunne minti goma kafin ki biya, in kin ji yana ja, to da yawan sakawa hujin zai iya yin tsawo.

Kula da su bai da wuya, in an san abokin gaban kowanne. Turare da mai su bushe kafin a saka kayan. Zinare ba ya shiri da kulorin, na ruwan wanka na ninƙaya ko na bilicin ɗin wanki, domin yana cin gaurayen da ke ciki har ƙarfen ya yi gautsi. Zaiba kuma, wadda ake samu a wasu mayukan sauya launin fata, tana mayar da shi fari-fari ta lalata shi. Wankinsa ruwan ɗumi ne da ɗigon sabulun wanke-wanke, minti goma sha biyar, sai buroshi mai laushi. Man goge baki yana ƙarce zinare da azurfa, mai shafe kuwa fere shi yake yi. Shi mai ruwan gwal ƙyalle mai laushi kawai yake so bayan an cire, a ajiye kowanne a 'yar jakarsa.

Azurfar da ta yi baƙi, a shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a ɗora ta a kai ta taɓa takardar, a zuba ruwan zafi kofi ɗaya da bekin soda babban cokali ɗaya. Cikin 'yan mintuna duhun zai bar ta, za ki ma ji ɗan warin farar wuta yana tashi. A ɗauraye, a tsane da kyau, a rufe a leda marar iska. Banda mai lu'ulu'un da ake samu a cikin ƙwanson teku, banda mai duwatsun da aka manna da gam, banda kuma wadda maƙeri ya baƙanta ramukan zanenta da gangan, domin ruwan zai tafi da wannan baƙin ma, zanen ya baje.